Na Je Lafiya Auna Kananzir ɗin Kawuna

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da maigida, a tsohuwar motar nan tasa da ba ta tashi sai an lallashe ta. Shi yana tuƙi, ni ina kujerar baya rungume da akwatin katako kamar mai jego. Duk ramin da muka faɗa sai na ce, "Don Allah a hankali, gilashi ne a ciki." Kafin mu kai Kaduna ya ce tunda muka yi aure bai taɓa ganin na riƙe ɗaya daga cikin 'ya'yansa da irin wannan tattali ba. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Masu bin rubutuna a wannan fili sun san aikina awo ne a ɗakin gwaje-gwajen sinadarai. Yau a kawo mana ruwan teku da ɗalibai suka ɗebo daga Legas mu auna gishirinsa, gobe a kawo man gyaɗa ko jinin akuya a ce mu faɗi abin da ke ciki. Duk waɗannan kayan mutane ne, in na gama na wanke hannu na tafi gida. Wannan karon abin da zan auna na gidanmu ne.

Wani direban motar doya ne ya kawo mini saƙon. Kawu Tanko, yayan mahaifiyata, tun ban san kaina ba yake sayar da kananzir a kasuwar Lafiya. Wata mata daga Kwandere mai suna Ladi ta sayi kananzir a wurinsa, ta je gida tana zuba wa risho, wuta ta tashi ta ƙone mata hannuwa da ƙirji. Waɗanda suka kai ta asibiti sun tambaye ta inda ta saya, ta ce wurin Baba Tanko. Can kuma cikin zafin ciwo aka ji tana ta cewa, "Shi ne ya ƙone ni." Shi ke nan, magana ta zaga gari cewa Kawu yana haɗa kananzir da fetur, tunda a wahalar man da muke ciki kananzir ya fi fetur tsada a wajensu. Sarkin kasuwa ya sa nasa kwaɗon ya rufe shagon da duron kananzir a ciki, ya riƙe makulli. In ta tabbata, Kawu ya bar kasuwa ke nan har abada, kuma maganar 'yan sanda ce. Kawu ne da kansa ya aiko a ce in zo da kayan aikina.

Ni na san Kawu ba zai haɗa ba, wallahi ko a mafarki. Amma shi ma saye yake daga masu tanka, kuma ana iya gurɓata mai tun kafin ya iso hannunsa. In haka ne, na'ura ba za ta ji kunyar kowa ba, kuma da bakina zan faɗa a gaban jama'a. Wannan tunanin ne ya hana ni jin daɗin hanya. Dattijon da ke kula da kayan ɗakin gwajinmu, Allah ya saka masa da alheri, shi ya nema mini izinin fita da na'urorin, ya naɗe kowane gilashi da auduga da hannunsa.

A Kaduna layin mai ya kai inda ido ba ya gani. Direbobi sun shimfiɗa tabarmi a gindin motocinsu, har da masu dara. Dole muka tsaya wurin 'yan bumburutu, suka tsuga mana kuɗin galan da ya kusa ninka na gidan mai sau uku. Na sauko na sa hanci a bakin galan ɗin, mai sayarwa ya ce, "Hajiya, ko ɗanɗanawa za ki yi?" Maigida ya ce masa ya rufa wa kansa asiri, wannan matar in ta fara ba ta gamawa.

Daga Kachiya ƙamshin citta ne ya dinga shigo mana ta taga, an baza ta a bakin titi tana shan rana. A Kafanchan muka karya da ƙosai mai zafi da kunun gyaɗa a wurin wata tsohuwa kusa da layin dogo, ta ƙara mana biyu biyu don ta ji mun fito daga nesa. Hanyar Gwantu kuwa, kai, ban san ranar da bayana zai manta da ita ba. Kwalta ta zama tsibiri-tsibiri a cikin jar ƙasa. Sai dai itatuwa sun fi namu tsayi da duhu, mangwaro ya nuna har yana zuba ba mai ɗauka.

A Akwanga muka tsaya ruwan mota ya huce. Doya jibge kamar ba za a ƙara yunwa a duniya ba, kuɗin ƙwarya ɗaya a nan ba zai saya maka rabinta a Sabon Gari ba. Wata mai lemo ta tare ni da fara'a, "Madam, ka zo lafiya? Ka saya lemu, shi yana da daɗi." Na duba bayana ko da namiji take. Maigida ya ƙyalƙyale, ya ce daga nan zuwa Lafiya in haƙura, ni ma Malam ce. Hausar wajen haka take, mutane da yawa sun tashi da yarensu na gida, Hausa ta kasuwa ce, ba ruwansu da ta mace da ta namiji. Na yi ta kwaikwayonta a mota muna dariya.

A duwatsun Nasarawa Eggon dariyar ta ƙare. Hanya tana murɗewa a jikin dutse, ga wata babbar mota kwance a gefe da buhunan garin rogo a warwatse. Da muka gangaro Shabu sai babura suka cika titi, ɗaliban makarantar koyon noma da manoma, kowa da kaya a baya. Bayan la'asar muka shiga Lafiya, zafi ya tarbe mu kamar an buɗe murfin tukunya.

Da ƙyar na gane Kawu. Mutumin da in yana dariya ana ji daga bakin layi, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Uwata, kin sha hanya." Matarsa ta kawo sakwara da miyar agushi da kifi busasshe, irin wadda sai ka lashe yatsa, shi kuwa loma biyu ya yi ya wanke hannu. Ta raɗa mini cewa tun da abin ya faru ko masallacin unguwa ba ya zuwa sai an kusa tada salla, don kada a gaishe shi da ido.

Washegari da safe matsala ta farko ƙanƙara ce. Gwajin da zan yi dole man ya fara da sanyi, a riƙa ɗumama shi sannu a hankali, ga Lafiya kuwa tun hantsi komai ya ɗauki zafi. An ɗauke wuta tun shekaranjiya. Muka zaga gidajen masu firji, duk ruwa ne tsululu. A ƙarshe aka nuna mana wata 'yar ƙabilar Tibi mai sayar da ɗanyen kifi da ke da janareta. Da ta ji ko don wa ake nema, ta fasa mana babban dunƙule ta cika bokiti. Maigida ya sa hannu a aljihu, ta ture hannun. "Na Baba Tanko? Abeg ɗauka. Shi yana ba ni bashi lokacin da ba ni da komai." Ban san sunanta ba har yau, amma ina sa ta a addu'a.

A wata rumfa can gefen kasuwa, nesa da masu suya, na shimfiɗa kayana a kan tebur. Jama'a ta taru fiye da yadda na so. Sarkin kasuwa ya buɗe kwaɗonsa a gaban kowa. Mijin Ladi yana tsaye a gaba, dogo ne baƙi, ya harɗe hannuwa, idonsa ja. Ban ga laifinsa ba. Na ɗebo man da dogon bututun gilashi daga saman duro, da tsakiya, da can ƙasa, don kada a ce na zaɓa.

Na fara da ma'aunin nauyi, wani gilashi mai ciki da ake sakawa ya yi iyo a cikin mai. Fetur ya fi kananzir rashin nauyi, in an haɗa su gilashin yakan nutse fiye da ƙima. Ya tsaya inda ya kamata. Na ɗan ji sanyi a raina, amma wannan awon ba ya kama haɗi kaɗan. Babban alƙali shi ne kofin tagulla. Kofi ne mai murfi da 'yar taga, a zuba mai a rufe, a sa shi cikin ruwan ɗumi, ma'aunin zafi yana tsaye a ciki. Duk sanda zafi ya hau digiri ɗaya sai a buɗe tagar a leƙa da ɗan harshen wuta da bai fi ƙwayar wake ba. Abin da ake nema shi ne zafin da tururin man zai fara kamawa. Kananzir na kirki ba ya kamawa sai ya wuce digiri talatin da takwas. In da fetur a ciki, ko da sanyinsa zai kama.

Iska ta so ta ɓata mini aiki, tana kashe ɗan harshen wutar. Ban ma roƙa ba, wasu mata masu sayar da manja suka ɗaga tabarmi suka kewaye teburin, suka tsaya haka hannuwansu a sama har na gama. Na sanyaya man a ƙanƙara, na zuba, na fara. Ashirin, shiru. Talatin, shiru. Muka wuce talatin da takwas ba abin da ya faru, na ce alhamdu lillahi a zuci. Sai da aka haura arba'in sannan wata shuɗiyar wuta ta yi fat a cikin kofin ta mutu.

Ai kuwa sai kasuwa ta ɗauka. "Ya kama! Ya kama wuta!" Wani har da tafi. Na juya na ga Kawu ya sulale ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Ashe su a ganinsu in dai wuta ta tashi, to an kama mai laifi ke nan. Raina ya ɓaci, na manta ni baƙuwa ce, na buga tebur na ce, "Haba jama'a! Kananzir ɗin da ba ya kama wuta uban me za a yi da shi, miya? Ku tambaye ni a wane zafi ya kama mana!" Maigida ya ce ko a gida bai taɓa jin muryata ta kai haka ba.

Sarkin kasuwa mutum ne mai natsuwa. Ya ce, "Malama, mu ba mu san digiri ba. Nuna mana yadda ido zai gani." Gaskiyarsa. Na ce a kawo kananzir daga wurin wanda duk suka yarda da shi. Ya aika aka ɗebo na fitilar gidansa. Na wanke kofi, na maimaita, na sa shi da kansa ya riƙa duba ma'aunin zafi. Nasa ya kama kusan daidai inda na Kawu ya kama. Sannan na ɗiga ɗan fetur a cikin ragowar nasa, na sanyaya har kwalbar tana raɓa, na zuba. Leƙawar farko wuta ta yi fat. Na gwada na tsakiyar duro da na ƙasa, duka lafiya lau.

Sai mijin Ladi ya yi magana. "To Madam, in kayan Baba yana da kyau, mene ne ya ƙone matata?" Ya ce ragowar man da ta saya yana nan a jarkarta, ya ɓoye don shaida. Na ce mu je.

Kwandere ba nisa, hanya ce ta gonakin doya da rogo, an fara tada kunya ana jiran ruwa. Mutanen gidan Gwandara ne, manoma, suka tarbe mu da ruwan sanyi na randa duk da sun san ni 'yar wa ce. Wannan karamcin ya ba ni kunya. A gindin bishiyar mangwaro na sake kafa kofi da sauran ƙanƙarar da ba ta narke ba. Tun da na buɗe jarkar hancina ya gaya mini, amma na bar na'ura ta faɗa. Da sanyinsa ya kama, leƙawa ɗaya.

Mijin ya ce, "Kun gani ko?" Duro lafiya, jarka da fetur. Yanzu sai a ce Kawu yana da wani galan a ɓoye da yake zuba wa mutanen ƙauye. Na'urata ta faɗi abin da ke cikin man, amma ba ta san hannun da ya zuba ba. Sai na nemi a bar ni in shiga in duba mai jiki, tunda har na zo ƙofar ɗakinta. Maza duk a waje suka tsaya, ba mai shiga ɗakin matar wani tana kwance ba riga.

Tana kwance a kan tabarma, an lulluɓe ta da gidan sauro saboda ƙuda, hannuwanta a naɗe. Yarinya ce, ba ta kai ni ba. Na yi mata sannu, na ce, "'Yar'uwa, yaya abin ya faru?"

Ta ce, "Anti, ina zuba wa risho, shi yana ci, sai na ji warin fetur. Kafin na janye, shi ke nan. Shi ne ya ƙone ni."

Na ce, "Baba Tanko?"

Ta zaro ido. "Baba Tanko kuma? Me Baba ya yi?"

"To shi ɗin wa kike nufi?"

"Jarka mana, Anti. Jarka ɗin. Shi ne."

Inna lillahi. Na zauna daɓas a ƙasa. Jiya-jiya nake dariyar mai lemon Akwanga, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai in tambayi wannan "shi" ɗin na wane ne ba. Waɗanda suka ji ta a asibiti sun ji ta ambaci Kawu, suka ji "shi", suka ɗaura masa. Ta rage murya ta ce ranar kasuwa ta ga ɗan mai a gindin jarkar, ta ɗauka ragowar kananzir ne, Baba ya cika mata a kai. Sai da wuta ta tashi ta tuna ta ga maigidanta ya fita da jarkar a bayan babur ranar da aka ce an kawo fetur gidan mai. Na ce me ya hana ta faɗa? Ta ce, "A gaban 'yan'uwansa zan ce mijina ya ƙone ni? Sai na ce jarka." Kuma ba wanda ya gaya mata an rufe shagon Kawu, wai kada hankalinta ya tashi. Da ta ji, ta fashe da kuka, tana cewa tun tana amarya a wurinsa take saye, ko ɗigo bai taɓa rage mata ba.

Ita ta ce a kira mijin. Ya tsaya a bakin ƙofa, ta yi masa magana da yarensu a hankali. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ga fuskarsa. Ya ce mini lallai ya ɗauki jarkar ya sayo fetur, galan ɗinsa yana hannun wani, ya juye a tankin babur, ɗan abin da ya rage a gindi bai ɗauka wani abu ba ne. Ya tambaye ni, "Madam, wannan ɗan kaɗan ɗin zai iya?" Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Na ce zai iya.

Ba wanda ya tilasta masa. Shi ya hau babur ɗinsa ya riga mu isa kasuwa. Muna zuwa muka tarar da shi tsaye a gaban shagon Kawu, hula a hannu, yana faɗa wa jama'a da bakinsa. Wasu suka fara yi masa ca, Kawu ya ɗaga hannu ya ce a ƙyale shi, mutumin da matarsa ke kwance abin da ke damunsa ya ishe shi. Sarkin kasuwa ya cire kwaɗonsa ya sa a aljihu, ya ba Kawu hannu, ya ce a yafi juna. Ni dai na samu dama na roƙi matan da ke wurin abu biyu: kada a zuba wa risho mai yana ci, kuma jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ta bar kicin har abada.

Da za mu taso washegari, but ɗin mota ya ƙi rufuwa. Doya, agushi, mangwaro, har mai manja ta aiko da kwalba. Maigida yana ta ƙorafin taya, bakinsa kuwa har kunne. Na shiga na rungume akwatina, sai Kawu ya sunkuyo ta taga. Ya ce, "Uwata, in tambaye ki. Da kin tarar da fetur a duron nan, da kin faɗa?"

Na kasa kallonsa. Na ce, "Da na faɗa, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ban kira kowa ba sai ke. Ni kaina ban san abin da masu tanka suka zuba mini ba, kuma kullum in na rufe ido hannun yarinyar nan nake gani. Jiya ne na yi barci."

Har muka wuce Shabu maigida, Allah ya yi masa albarka, bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Mun iso Zariya ana kiran magariba, ba abin da ya fashe, yara suka yi wa mangwaro rubdugu. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa mutanen Lafiya da Kwandere da suka ɗauke ni tamkar tasu, ina kuma roƙon masu karatu su sa Ladi a addu'a Allah ya ba ta sauƙi. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kofin tagulla ya yi rabin aiki ne kawai, sauran rabin sai da na zauna a ƙasa na tambayi mai ciwo abin da take nufi. Na kuma tafi ina tsoron kada gaskiya ta kunyata kawuna, ashe shi ya fi ni son a faɗe ta ko da a kansa za ta faɗo.